Tambaya ga malaman Turanci: me ya raba "strip" da "peel"?

Abban_Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana da ke aji biyu na ƙaramar sakandare aka ba su aikin gida, su gina jimla da kalmar "strip". Ya tambaye ni, na duba ƙamus ɗin da ke wayata, na ce masa ma'anarta cire wa abu abin da ya rufe shi. Yaro ya je ya rubuta "I strip an orange every morning". Jiya ya dawo da littafi, malama ta ja masa jan biro, ta rubuta "peel" a sama, ba ta ƙara ko wasali ba. Tun jiya yake kallona kamar ni na kayar da shi, kuma gaskiya ni ɗin ne. To ina bambancin yake? Shi ɓawon lemo ba rufi ba ne?

Malam_Sani_Turanci:
Wa alaikumus salam, Abban Khalifa. Malama ta yi daidai, kai ma ba ƙarya ka yi ba. Halin ƙamus ke nan, ya miƙa maka kalma bai gaya maka inda ake ajiye ta ba. Bari in mayar maka da tambayar gida. In Khalifa ya zo ya ce maka ya tuɓe lemo, ko ya feɗe ayaba, za ka gane abin da yake nufi, amma sai ka yi dariya. To haka Bature zai ji in an ce masa "strip an orange".

"Peel" ta ɓawo ce marar kauri, irin na 'ya'yan itace da dankali da albasa, ana bin sa a hankali da hannu ko da wuƙa. Ita kuwa "strip" akwai ƙarfi a cikinta, kuma ba ta barin saura. Abin da aka yi wa ita yakan tashi fayau, babu komai a jikinsa. Fari sun sauka a gona sun cinye ganye tas, sai a ce "the locusts stripped the field". Ɓarayi sun shiga gida sun kwashe har labule da ƙwan fitila, "they stripped the house". Mai fenti ya kankare tsohon fentin ƙofa har katako ya fito, ita ce dai.

Maman_Hanan:
Malam Sani, ai a nan mun fi su nisa. Su "peel" ɗaya ce ta ɗauki ayaba ta ɗauki doya. Mu kuwa ayaba ɓarewa ake yi, doya da rogo ferewa, kaza figewa, rago feɗewa, hatsi surfe, zogale a zage shi daga itacensa. Ko yarinya 'yar shekara 7 ba za ta ce ta ɓare doya ɗanya ba. Ni dai a madafi ban ga abin da Turanci zai nuna wa Hausa ba.

Auwal_Ɗan_Jarida:
Anti Maman Hanan, da sauƙi dai. Su ma suna da nasu, mu ne ba a koya mana ba. Gyaɗa da wake da dafaffen ƙwai "shell" ake yi musu. Masara "husk", Amurkawa kuma su ce "shuck". Fiɗa "skin", figar kaza "pluck", askin tumaki "shear". Mu dai "remove" muka riƙe a makaranta, muka yi ta jifan komai da ita har muka gama jami'a.

Maman_Hanan:
To surfe fa? Kawo mini tasu.

Auwal_Ɗan_Jarida:
Kin kama ni. Sai dai in yi dogon bayani da turmi da taɓarya.

Sadiq_Mai_Wayarin:
Ni a wajen aikinmu kullum muna tare da kalmar nan. In za ka haɗa waya biyu dole ka cire robar bakin, jan ƙarfen ya fito. A littafin koyon aikin lantarki "strip the wire" ake rubutawa. Mu a tsakaninmu fere waya muke cewa, wasu su ce feƙe. Akwai ma ɗan abin aiki mai kama da filaya, mai ramuka daidai kaurin kowace waya, don kada ka ci jan ƙarfen, sunansa "wire stripper". Yawancinmu dai da reza ko haƙori muke gamawa, Allah ya kyauta.

Amma ina jan kunnen kowa. Ranar da na so in nuna wa yaron shagona hoton abin, kalma ta biyun kaɗai na rubuta a Google, na manta ban sa "wire" ba. Abin da ya fito sai da na yi a'uziyya na kife wayar a kan benci. Yaro yana ta tambaya wai Oga lafiya.

Zee_Kaduna:
Wayyo cikina! Oga Sadiq ka kashe ni.

Admin_Usman:
Jama'a a yi hattara, akwai ɗalibai a zauren nan. Oga Sadiq ya faɗi abin da ya faɗa, mai hankali ya gane. A wuce wajen.

Nas_Rabi:
Abin da Oga Sadiq ya taɓo shi ne ma'anar da Bature ya fi saurin ji. In aka faɗi kalmar ita kaɗai, ba a ambaci abin da aka yi wa aikin ba, to tuɓe kaya ake nufi. "He stripped" na nufin ya tuɓe, shi da kansa. A asibiti likita kan ce "strip to the waist", wato a cire riga kaɗai don a saurari ƙirji, ba a ce ka yi zigidir ba. Na taɓa ganin wani bawan Allah da ya ji rabin maganar, sai da muka yi saurin tare shi. Sannan in an sallami majinyaci mukan ce "strip the bed", a yaye zanen gado da rigar filo duka a kai wanki, katifa ta rage ita kaɗai.

Baba_Makaniki_Panteka:
'Ya'yana ni ban yi boko mai nisa ba, amma shekara 30 ina jin kalmar nan a gareji. In inji ya buga, aka sauke shi aka kwance komai ɗaya bayan ɗaya, fistin daban, karanshaf daban, masu Turanci kan ce an yi masa "strip down". Sai ta biyu, in yaro ya ɗaure noti da ƙarfin tsiya har haƙoran suka cinye, noti na ta juyawa ba ya kamawa, shi ma "stripped" ne a bakinsu. To ina rufin da aka cire a nan? Malam Sani a warware mini.

Malam_Sani_Turanci:
Baba, Allah ya ƙara girma. Tambayarka ta fi ta Abban Khalifa wuya. Yadda nake ganinta, abin da ya haɗa su shi ne yadda abu ke ƙarewa. Inji ya koma gangar jiki kawai, noti ya koma sumul babu haƙori. An raba kowannensu da abin da yake tinƙaho da shi. Tarihin kalmar ma ya nuna haka. A tsohon Turanci akwai "bestrypan", ma'anarta wasoso ko kwasar ganima, kuma 'yar uwarta a harshen mutanen Holan, "stropen", tana nufin fiɗa da kuma farautar sata. Ka ga tun asali akwai ƙwace a jininta. Ita ko "peel" ta biyo ta Faransanci ne daga Latin, "pilare", cire gashi. Ɗaya ta fito daga fagen yaƙi, ɗaya daga hannun wanzami.

Kabiru_Sharhin_Wasanni:
Yauwa, Malam ya zo layina. A labarin wasanni ba ma jin kalmar nan sai an ƙwace wa wani abu. Ku tuna Ben Johnson na Kanada a gasar Olamfik ta birnin Seoul, 1988. Ya ci tseren mita 100 cikin daƙiƙa 9.79, duniya ta ɗauka. Kwana uku tsakani aka ce an samu ƙwayar ƙara kuzari a fitsarinsa, sai jaridu suka buga "stripped of his gold medal", aka miƙa wa Carl Lewis zinaren. Lance Armstrong mai tseren keke, a 2012 aka share masa nasarori 7 na Tour de France, daga 1999 zuwa 2005, da wannan kalmar dai.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Muhammad Ali. A 1967 ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, aka karɓe kambunsa na zakaran duniya, aka hana shi dambe sama da shekara uku, alhali babu wanda ya doke shi a fage. Sai 1971 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin da kotu ta yanke masa kan ƙin shiga sojan, a 1974 kuma ya je Kinshasa ya kayar da George Foreman ya dawo da abinsa. Ku lura da wannan, don shi ne amfanin kalmar: ba a cewa "stripped" ga wanda aka ci shi a wasa. Sai wanda hukuma ta zauna ta karɓe.

Auwal_Ɗan_Jarida:
Kabiru ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi a ɗakin labarai. In muka ci karo da "stripped of", kowa da yadda yake juya ta. Lambar yabo, ƙwacewa muke cewa. Zama ɗan ƙasa, soke ko janye. Muƙamin soja, a rage masa girma ko a cire masa anini. Sarauta kuwa tuɓewa ce, a tuɓe rawani, kuma nan ne kaɗai na ga Hausa da Turanci sun yi tunani iri guda, muƙami kamar tufa ne da ake cire wa mutum a bainar jama'a.

Ɗan_Birni_001:
Amma da aka tuɓe Sarkin Kano a Maris ɗin 2020, "dethroned" da "deposed" na ga jaridun Turanci sun rubuta, ban ga "stripped" ba.

Admin_Usman:
Amsar nahawu kaɗai za a ba shi. Duk wanda ya shigo da siyasa zan goge.

Auwal_Ɗan_Jarida:
Nahawun ke nan, ranka ya daɗe. Waɗancan biyun sun wadatar da kansu, don na masu mulki ne. Ita "stripped" sai ka faɗi abin da aka karɓe, ka sa "of" a tsakani: "stripped of his title". In ka manta da "of" ɗin da abin da ke bayanta, ka ce an tuɓe wa mutum kaya ne, kuma ka jawo wa jaridarka shari'a.

Issoufou_Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu da muka yi lakwal da Faransanci wahalarmu iri ɗaya ce da taku. Dankali da albasa "éplucher", lemo da tumatir "peler", gyaɗa "décortiquer", injin ɓarar gyaɗa ma daga nan ya samo suna. Wadda ta yi kama da "strip" ɗinku ita ce "dépouiller": a feɗe dabba, a yi wa mutum fashi a bar shi ba ko sisi. Abin dariya, ita ce kuma ake amfani da ita wajen buɗe akwati a ƙirga ƙuri'a ranar zaɓe. Ban ce komai ba, Admin.

Admin_Usman:
Malam Issoufou na gan ka.

Hauwa_Ɗalibar_Jami'a:
Don Allah ni rubutun ke rikita ni. Wani lokaci in ga "stripped", wani lokaci "striped". Kuskuren bugu ne ko kalma biyu ce?

Malam_Sani_Turanci:
Kalma biyu ce, Hauwa, kuma masu jarrabawa na son wannan tarkon. Mai "p" biyu ita ce tamu, wasalinta gajere. Mai "p" ɗaya daga "stripe" take, wato ratsi, ana ja mata baki kamar "ai". Jakin dawa "striped" ne, rigar Juventus ma haka. Dokar ita ce in kalma mai gaɓa ɗaya ta ƙare da gajeren wasali da baƙi guda, sai a ninka baƙin kafin a ƙara "ed" ko "ing". Haka "stop" take, haka "plan". In kika rubuta "a stripped shirt" alhali mai ratsi kike nufi, kin ce rigar da aka yi wa tsiya.

Kabiru_Sharhin_Wasanni:
Tunda an ambaci riga, ga wani abin mamaki. A Ingila kayan da ƙungiyar ƙwallo ke sawa ma "strip" suke ce musu, na gida da na waje. Kalmar tuɓewa ta zama sunan abin sawa. Turanci ba shi da kunya wallahi.

Zee_Kaduna:
To Zirin Gaza fa? "Gaza Strip" ake cewa. Me aka ɓare a can?

Auwal_Ɗan_Jarida:
Wannan suna ne, ba aikatau ba. Duk abu dogo siriri "strip" ne, shi ya sa aka fassara shi da ziri, kuma fassarar ta zauna daram. Gaza tsawonta kilomita 41 ne a bakin teku, faɗinta ko rabin haka bai kai ba. Ƙaramin filin saukar jirgi na daji ma "airstrip" ne.

Nas_Rabi:
Har katin magani. Abin da muke ce wa kati ɗaya na Panadol, a rubuce "one strip" ne. Haka ɗan tsinken da masu ciwon suga ke ɗiga wa jini a sa a na'ura.

Bashir_Lisbon:
Ku ba ni dama in dawo da ku kan aikatau, don na ga aikin da ido. A nan Fotugal, musamman yankin Alentejo, akwai itacen da ake yin toshiyar kwalba da ɓawonsa, kuma kusan rabin abin da duniya ke amfani da shi daga ƙasar nan yake fita. Itacen sai ya kai wajen shekara 25 kafin a fara taɓa shi. Da bazara masu aikin ke zuwa da gatari, su tsaga ɓawon daga sama zuwa ƙasa, su ɗaye shi falle-falle kamar ƙyauren ƙofa, gangar ta fito jawur. Daga nan doka ta hana a sake sai bayan shekara 9, shi ya sa suke rubuta lambar ƙarshe ta shekarar da farin fenti a jikin itacen. Duk bayanin Turanci da na gani a wajen "stripping" yake cewa. Kuma itacen ba ya mutuwa, sabon ɓawo yake yi. Don haka ban yarda da Malam Sani ɗari bisa ɗari ba cewa dole sai da ɓarna ko ƙwace. Mutanen nan lallaɓa itacen suke yi kamar jariri.

Malam_Sani_Turanci:
Na karɓi gyara, Malam Bashir, amma rabi. Ban ce dole sai da ɓarna ba. Kai da bakinka ka ce gangar ta fito jawur. Tsiraicin nan shi nake nufi.

Baba_Makaniki_Panteka:
Ina ma masu sassaƙen maɗaci na wajenmu za su ji wannan. Su sai sun zagaye itace kaf, shekara na dawowa ka tarar ya bushe a tsaye.

Abban_Khalifa:
Na gode ƙwarai, na ƙaru fiye da abin da na zo nema. Amma har yanzu lemona na nan a hannu. Shin jimlar yaron kuskure ce a nahawu, ko dai ba a saba faɗa ba ne kawai? Don in kuskure ne in ba shi haƙuri, in kuwa ba kuskure ba ne gobe da ni za a tafi makarantar.

Hauwa_Ɗalibar_Jami'a:
Ni a ganina nahawun lafiya lau yake. Akwai mai aiki, akwai aiki, akwai abin da aka yi wa aiki. Bai kamata a ba shi sifili ba.

Malama_Binta_Zariya:
Hauwa, ba nahawu kaɗai ake dubawa ba. In ɗalibi ya rubuta mini da Hausa cewa ya sha tuwo ya ci kunu, nahawunsa ma lafiya lau yake, amma ba zan ba shi maki ba. Kowace kalma da abokan tafiyarta. Abban Khalifa, don Allah kada ka je da faɗa. Ni ma malama ce, ajina yara sun haura 70, in na ce zan rubuta wa kowa bayani a gefen littafi sai asuba ta same ni. Ta ba shi kalmar da ta dace, sauran aikin na aji ne.

Ɗan_Birni_001:
Da girmamawa Malama, amma in an ce yaro ya gina jimla da kalma, ai kamata ya yi a fara nuna masa inda kalmar ke zama. An ba shi kalma tsirara, an ce ya nemo mata riga.

Zee_Kaduna:
An yi "strip" ɗin kalmar ke nan!

Malam_Sani_Turanci:
Bari in ƙara abu ɗaya da zai iya raba gardamar, ko ya ƙara ta. Kalmar na iya faɗawa kan abin da aka tsiraita, tana iya faɗawa kan abin da aka cire. "Strip the tree of its bark" da "strip the bark off the tree" duk daidai ne. Da Khalifa ya rubuta "I stripped the peel off the orange", ni da zan bar masa, don yanzu ɓawon ne aka fizge, kuma mai karatu zai ga yaro yana sauri yana yagar ɓawo. Amma a ce kullum da safe yana yi wa lemo "strip", a'a. Abban Khalifa ka zauna a gida, ka saya wa yaro lemo ku shirya.

Maman_Hanan:
Ni fa lemon ma ban yarda ɓarewa kaɗai ake yi masa ba. Mai lemo na bakin titi ferewa yake yi da wuƙa, ya bar farin, ya yanke kai ka tsotsa. Tanjirin ne ake ɓarewa da hannu. Ku tambayo mini Bature wanne ne "peel" a ciki.

Auwal_Ɗan_Jarida:
Duka biyun, Anti. In kin matsa sai ya ce na wuƙar "pare".

Maman_Hanan:
Ka ji ko. Sai an matsa.

Abban_Khalifa:
An fasa zuwa makaranta, an bar kaza cikin gashinta. Na karanta wa Khalifa bayanin Malam Sani da na Baba, ya ce a ba shi dama ya sake. Ga abin da ya rubuto yanzu, yana tuna iskar farkon daminar bara da ta kware mana kwanon madafi: "The wind stripped the roof off our kitchen." Yaya kuka gani?

Malam_Sani_Turanci:
Maki goma cif. Ka gaishe shi.

Malama_Binta_Zariya:
Ni takwas zan ba shi. In kwanon gaba ɗaya iska ta ɗauke a tashi guda, "blew off" ko "tore off" ya fi zama. "Stripped" sai in falle-falle ta riƙa ɗayewa har katakon ya rage tsirara. Abban Khalifa, yaya aka yi a daren?

Abban_Khalifa:
Malama, muna ƙarƙashin gado a lokacin, ban leƙa ba.